Injekta Ba Ta Son Ƙura: Shawara ga Direbobin Umdurman

Direban da ya saba da kafireta ya lura, motar injekta ba ta da haƙurin tsohuwar. Tun da Bosch da Fiat suka fito da tsarin feshin man gas na zamani a ƙananan motoci a 1997, ƙofofin feshin sun zama sirara ƙwarai, ɗigon ruwa ko ƙurar guguwar habub kaɗan ya isa ya lalata su. Ga shi bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 matatar mai ta Jaili ta lalace, man jarka ya yawaita a gari. In dole ne ka saya, bar shi ya kwanta, ka tace, kada ka juye na ƙasan jarkar. Filtar man motar kuwa, canza ta tun kafin lokaci.

Baƙin mai fa? Wasu motocin na da kwamfutar da ke ƙiyasta lafiyarsa, amma yawancinsu lissafi suke yi da zafi da gudun inji, ba su ganin ƙurar kasuwar Suk Libya. Zaro sandar awo da safe kafin ka tayar. In man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur, wataƙila injekta ce ke yoyo. Nufi bakanike ranar nan.