Cire Bututun Ƙwai Yayin Tiyatar Haihuwa: A Gama Magana Tun Wajen Awo

Macen da aka yi wa aiki sau uku ko huɗu, ko wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, ko mai ciwon zuciya da ciki ke ƙara tsanantawa, wata rana likita zai ce mata wani cikin bayan wannan yana iya zama ajali. Daga nan sai maganar rufe haihuwa ta taso. Matan Gagarawa Tasha, Sule Tankarkar da Maigatari da ake turawa Babban Asibitin Gumel, ko a wuce da su Dutse ko Kano, da yawansu ba sa jin wannan magana sai naƙuda ta yi nisa, an miƙo wa maigida takarda a bakin ɗakin tiyata ya sa hannu. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yar'uwa, ki fara sanin abin da za a taɓa a jikinki. Kina da bututu biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa santimita 10 zuwa 12. Ta cikinsu ƙwai ke bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa, a nan yake haɗuwa da maniyyi. Abin da ake kira juya mahaifa a gari, waɗannan bututun ake yi wa aiki, mahaifar tana nan inda take.

Tsohuwar hanya ita ce ɗauri. Wadda aka fi yi ana jingina ta ga wani likitan Amurka, Pomeroy, an kuma wallafa ta a 1930: a lanƙwasa tsakiyar bututun, a ɗaure gindin lanƙwasar da zare mai narkewa, a yanke saman. Tana da sauri, ba ta buƙatar kayan aiki na musamman. Cikin shekara 10, ƙasa da mace 1 cikin 100 ke sake ɗaukar ciki idan bayan haihuwa aka yi ta, amma in hakan ta faru akwai fargabar cikin ya zauna a wajen mahaifa.

Sabuwar hanya ita ce a cire bututun gaba ɗaya. Masu binciken ƙwayoyin nama sun gano cewa mafi munin sankarar ma'ajiyar ƙwai, sau da yawa daga bakin bututun take farawa. Ciwo ne da ba ya nuna kansa sai ya ci jiki, kuma har yau babu gwajin da ke kama shi da wuri. A 2010 likitocin lardin Biritish Kolombiya na Kanada suka fara kiran a riƙa cirewa maimakon ɗaurewa, sannan wani babban bincike daga Suwidin a 2015 ya nuna haɗarin wannan sankara ya ragu da kusan kashi 65 cikin 100 ga matan da aka cire musu duka biyun.

Ga yadda aikin yake. Sai an ciro jariri da mabiyiya, an ɗinke mahaifa, an tabbatar ta tsuke ba ta zubar da jini, sannan a waiwayi bututun. Likita zai ɗaga shi a hankali ya duba siririn tantanin da ke riƙe da shi. A mace marar ciki jijiyoyin wannan tantani ƙanana ne. A mai cikin wata tara kuwa sun kumbura sun yi tsamo-tsamo da jini, domin a lokacin jinin da ke zuwa mahaifa yakan kai rabin lita a minti ɗaya. Sai likitan ya nemi gurbin da haske ke ratsawa, inda babu jijiya, ya huda, ya matse da ƙarfe, ya yanke, ya ɗaure da zare. Haka zai yi ta bi daki-daki tun daga baki har inda bututun ya shiga kusurwar mahaifa, yana manne da jikin bututun don kada ya tsinke jijiyar da ke ciyar da ma'ajiyar ƙwai. Akwai na'urar da ke liƙe jijiya da lantarki ta yanke a lokaci guda, irin su LigaSure, tana rage lokaci, sai dai tana da tsada. Zare a hannun ƙwararre ya wadatar. In an fito da mahaifa waje yayin aikin, bayan an mayar da ita mazauninta, dole a sake leƙa kowane ƙulli, saboda a nan ne ɗauri kan zame.

Ba kullum ake samun yadda ake so ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 daga Alabama ta Amurka, kan mata 80, an iya cire bututun duka biyu a kashi 68 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka yi niyyar cire musu, aikin kuma ya ƙara kusan minti 15. Tabon tsohuwar tiyata yakan manne bututun da hanji ko bangon ciki, kuma matan da aka yi wa aiki sau da yawa su ne suka fi samun wannan. A ganina, inda jinin ƙari yake da wuyar samu, ko mace ta iso a galabaice bayan doguwar naƙuda ko jijjiga, ɗaurin nan na da ya fi aminci, wani lokaci ma a bar bututun sai wani jiƙon. Don haka ki ba likita izinin duka biyun a rubuce: a cire in ya yiwu cikin aminci, a ɗaure in bai yiwu ba.

Al'adarki za ta ci gaba da zuwa, nono zai kawo, sha'awa ba ta tafiya, domin ma'ajiyar ƙwai tana nan. Abin da ba ya dawowa shi ne haihuwa. Bututun da aka cire ba a mayar da shi, sai dai dashen ƙwai a manyan birane, da kuɗin da ya fi ƙarfin yawancinmu. Ki tambayi zuciyarki tambayoyin da ba su da daɗi: in Allah ya karɓi ɗaya daga yaran fa? In auren ya mutu kika sake wani? Mata 'yan ƙasa da shekara 30 su suka fi yin nadama. In akwai ko ɗigon shakka, robar mahaifa tana kai shekara 10, ana iya sa ta a cikin wannan tiyatar, ashanar fata kuma shekara 3 zuwa 5, duka ana cire su ranar da aka so.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta hana yanke haihuwa dungurungum sai da larurar da shari'a ta yarda da ita. Malam maigida, ka raka ta awo ka ji larurar daga bakin likita, ka kai wa malaminku yadda take, sannan ku zauna ku biyu. Jikinta ne, yardarta ce ta farko.

Wadda aka yi wa aiki sau biyu ko fiye kada ta jira naƙuda a gida. A sa rana, yawanci wajen mako na 39, a matso kusa da asibiti kafin lokacin, a tanadi 'yan'uwa biyu masu ba da jini. Kafin sallama ku nemi a rubuta a katinku ainihin abin da aka yi, cirewa ko ɗauri, gefe ɗaya ko biyu. In an koma gida aka ga zazzaɓi, jiri, kumburin ciki ko ciwon da ke ƙaruwa, a juya asibiti a ranar.