Tabon Ƙuruciya da Masu Kisan Kai Bi da Bi

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gidan mari a Daura, ba nisa da Dutsi, suka fito da mutum 67, manya da yara, da shatin bulala a jikin wasunsu. Da yawansu iyaye ne suka kai su don a gyara musu hali. Shatin bulala yakan warke. Abin da ya dami masana halayyar ɗan Adam shi ne tabon da kan saura a ƙwaƙwalwa.

Idan yaro ya firgita, jikinsa yakan saki sinadarin kotizol domin ya shirya gudu ko faɗa. Wannan kariya ce. Amma in firgita ta zama tuwon kullum, sai sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari, wato amigdala, ya kasa kwanciya. Shi kuwa sashen da ke bayan goshi, mai ja wa fushi linzami, wanda ba ya gama nuna sai bayan shekara 20, girmansa yakan sami tangarɗa.

A 2005, Mitchell da Aamodt na Jami'ar Radford ta Amurka suka duba tarihin masu kisa bi da bi guda 50. Kashi 36 cikin 100 sun sha azabar duka suna yara, rabinsu kuwa sun tashi cikin wulaƙanci da tsangwama. Edmund Kemper, wanda uwarsa ta riƙa kwantar da shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya kashe kakanninsa biyu a 1964 yana ɗan shekara 15, sannan ya kashe mutum 8 tsakanin 1972 da 1973, har da uwar tasa.

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci, domin waɗannan alƙaluma daga ƙarshen labari aka faro su. Cathy Widom ta bi ta ɗaya hanyar. Ta bi sawun yara 908 da aka zalunta ko aka yi watsi da su, a 1989 ta bayyana cewa kashi 11 cikin 100 ne aka kama da laifin ta'adi ga mutane, sa'o'insu kuwa kashi 8. Bambancin na nan, amma mafi yawansu ba a taɓa kama su da irin wannan laifi ba.

Me ya tsare su? A tsibirin Kauai, Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955. Kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin ƙunci sun girma lafiya lau, kuma galibinsu sun sami babban mutum ko da guda ɗaya, kaka ko goggo ko malami, wanda ya ja su a jika.