DARASI: MAGANIN CIWON JIKI DA AMANAR LAFIYARMU

A ziyarar da muke kai wa ƙananan majami'unmu na ƙasar Ɗambatta, musamman wajen manoman rani na madatsar ruwa ta Tomas, mun lura da wata al'ada mai ban tsoro. Mutum ya wuni yana huɗa a cikin rana, da yamma sai ya je wurin mai tallan magani a haɗa masa ƙwayoyi huɗu ko biyar ya haɗiye da cikin yunwa. Mun je jana'izar magidanta waɗanda aman jini ko ciwon ƙoda ya ɗauke su da sauran ƙarfinsu. Saboda haka ya zama wajibi mu yi wannan darasi.

Maganin da aka fi sha shi ne dikulofenak, da danginsa ibufurofen da firoksikam. Aikinsu shi ne tsayar da wani sinadari na jiki mai haddasa zafi da kumburi. Amma wannan sinadari kuwa shi ne ke kāre bangon ciki, shi ne kuma ke taimakon gudun jini zuwa ƙoda. In an danne shi fiye da kima, sai gyambon ciki ya biyo baya, ƙoda ta raunana, balle ga wanda ya yi gumi bai sha ruwa sosai ba.

Ga ƙa'idar da ya kamata babba ya kiyaye:

1. Dikulofenak magani ne da likita ke rubutawa. Yawanci miligiram 50 ne, sau biyu ko uku a rana. Kada a wuce miligiram 150 cikin awa 24.

2. Ibufurofen kada ya wuce miligiram 1,200 a rana sai da umurnin likita. Firoksikam kuwa iyakarsa miligiram 20.

3. Kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci ɗaya. A sha bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kaɗan, ban da giya ko burukutu.

4. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ya guje shi. A shekarar 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a kan haɗarin dikulofenak ga masu ciwon zuciya. Mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita, a watanni uku na ƙarshe kuwa sam an hana.

5. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, ko fitsari ya ragu, ko ƙafafu sun kumbura, ya daina sha, ya tafi Babban Asibitin Ɗambatta ba tare da jinkiri ba.

Waɗansu tsofaffinmu sukan sha maganin da cikin yunwa ranar Lahadi domin su karɓi Jibi Mai Tsarki. Ku sani azumin nan na awa ɗaya ne kawai, dokar Ikilisiya mai lamba 919 kuma ta ɗauke shi daga kan tsofaffi da marasa lafiya. Ku ci abinci, ku sha maganinku, ku zo.

Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa jikinmu mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, Doka ta Biyar kuwa ta ɗora mana kula da ranmu kamar yadda ta hana mu taɓa ran wani. Muna roƙon katekis-katekis da shugabannin Zumuntar Mata su karanta wannan darasi ga jama'a bayan sujada. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.