Amsoshin Tambayoyinku: Shaidar Ƙwarewa a Aikin Wayarin

Wani mai sauraro daga Zariya ya tambaya ko wanda ya koyi wayarin a hannun ubangida yana iya karɓar kwangilar haɗa wutar gida ba tare da wata takarda ba.

A Najeriya, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa domin sa ido kan ingancin ayyukan lantarki, ita ce ke jarraba masu wannan sana'a ta ba su shaidar ƙwarewa, kuma duk iyawar mutum, ya kamata ya nemi wannan shaida kafin ya karɓi kwangila. Koyo a hannun ubangida yana gyara hannu, amma sau da yawa ba ya koyar da lissafin kaurin waya, alhali siririyar waya da aka ɗora wa firji da injin ruwa zafi take yi har robarta ta narke, gobara ta tashi.

Yaɗuwar sola ta ƙara wa sana'ar kasuwa da nauyi, domin dole ma'aikaci ya fahimci inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida mai bolt 230, ya kuma binne sandar tagulla da ke janye wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa.