Darasi na Bakwai: Hayaƙin Murhu da Lafiyar Iyali

'Yan uwa mata, kwanaki na shiga wani gida a Ƙofar Marusa, na tarar da uwargida tana hura ɗanyen itace da leda, goyonta na ta tari. Ta ce min, "Ai mun saba." To, ido ne ya saba, huhu ba ya sabawa.

Hayaƙin itace, kara da gawayi na ɗauke da burbushi mai laushi da ke shiga can cikin huhu. Yana jawo wa yara nimoniya, manya kuma ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya hallaka mutum miliyan 3.2 a 2020.

Ga abin yi tun yau:

1. A girka a tsakar gida, da busasshen itace, ban da leda.
2. A sauke goyo kafin a hura wuta.
3. Ko hunturu ya tsananta, kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Gubarsa ba ta da wari, amma tana kisa.

Aikin mako: kowacce ta lissafa kuɗin itacenta na wata. Mu zauna mu ga ko kwasar adashi ɗaya za ta sayi murhu mai rage hayaƙi ko ƙaramar tukunyar gas.