DARASIN WANNAN WATA: WUTAR DAJI DA ƘANANAN DABBOBI

Da zarar damina ta wuce, hunturu ya kama, ciyawa takan bushe ƙayau. A lokacin ne ake ganin hayaƙi yana tashi a manyan dazuzzuka irin su Falgore a Jihar Kano da Yankari a Jihar Bauci, har da dajin bayan gari. Mafarauta kan cinna wuta don su koro nama. Makiyaya kan cinna don ciyawa ta tofo. Wani lokaci kuma guntun taba ne, ko wutar masu ɗiban zuma.

Manyan dabbobi kamar gwanki da ɓauna suna da ƙafar gudu. To, ƙananan fa, yaya suke ƙarewa?

LOKACIN DA WUTA KE CI

Zafin wuta sama yake tashi, ba ya ratsa ƙasa sosai. Saboda haka gafiya da kurege sukan tsira a cikin raminsu, in dai ba a tura musu hayaƙi ba.

Masu zama a bisa ƙasa su ne ke shan wuya. Zomo ba ya haƙa rami, a cikin ciyawa yake haihuwa. Uwar takan tsere, 'ya'yan su ƙone. Bushiya kuwa dabararta ɗaya ce, ta dunƙule ta miƙe ƙayarta. Wannan dabara tana maganin kare, amma ba ta maganin wuta.

BAYAN WUTA TA MUTU

Wahala ba ta ƙarewa da mutuwar wuta. Sau da yawa a nan ma take farawa. Daji ya zama fili fayau, babu wurin ɓuya. Da rana shaho da shirwa suna shawagi, da dare mujiya da dila suna farauta. Duk dabbar da ta fito daga rami, a sarari take.

Ga kuma yunwa. 'Ya'yan ciyawa sun ƙone, busasshen ganye ya zama toka, ƙwarin da ke ƙarƙashinsa sun mutu. Ruwan sama kuwa sai bayan watanni.

INA RUWAN MANOMI?

Da ruwansa. Bushiya da jaɓa ƙwari suke ci, kamar fara da gara da tsutsa. Idan sun ragu, maƙiyan amfanin gona sun sami sauƙi. Kurege da gafiya sukan ɓoye 'ya'yan itatuwa a ƙasa. Waɗanda ba su ci ba sukan tsiro su zama itatuwa.

Akwai kuma wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda kan haifi 'ya'ya fiye da 10 a ciki ɗaya. Shi ne mai saurin yaɗuwa a wurin da wuta ta ci. Idan abinci ya ƙare a daji, sai ya nufi rumbu da ɗakin girki. Wannan ɓera shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ke sa wa mutum cutar. Ashe wanda ya ƙona daji don gafiya ɗaya, yana iya koro wa iyalinsa ciwo har gida.

WUTA IRI BIYU CE

Wutar farkon kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ba ta da ƙarfi, domin ciyawa da sauran ɗanyenta. Takan ci nan ta bar can, dabbobi su sami mafaka. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji kan yi irin wannan ƙuna da gangan, bisa tsari. Wutar Fabrairu da Maris kuwa, ga iska ga bushewa, ba ta barin komai.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Kada a cinna wa daji wuta don farauta. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta fitar da dokar hana ƙona daji ba tare da izini ba.
2. A share layi mai faɗi kewaye da gona da rumbu kafin ciyawa ta bushe.
3. In ƙuna ta zama dole, a sanar da mai unguwa da malamin daji. A yi ta da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta.
4. A bar ciyawar bakin rafi da fadama, domin nan dabbobi ke fakewa.
5. A rufe hatsi da abinci sosai, kada ɓera ya taɓa. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa gafiya ke tsira daga wuta, amma 'ya'yan zomo ba sa tsira?
2. Faɗi abu biyu da ke kashe ƙananan dabbobi bayan wuta ta mutu.
3. Wane amfani bushiya ke yi wa manomi?
4. Rubuta sunayen ƙananan dabbobi biyar da ke dajin garinku.