Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Sa-kai a Unguwa Don Yara Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa da Iyayensu

Da wuya ka ratsa unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ka wuce ta ƙofar gidan da ke da yaron da ba a fitowa da shi ba. Wani ya shekara shida bai zauna da kansa ba. Wani yana tafiya da gudu amma bai taɓa cewa "Mama" ba. Wata ta isa aure, amma har yanzu sai an sa mata riga. Maƙwabta sun sani, suna kuma tausayawa, sai dai tausayin yakan tsaya ne a kwanon shinkafar azumi da naman layya. Abin da gidan ya fi rasawa shi ne mutum: wanda zai zo ranar da ya ce zai zo, ya riƙe yaron awa biyu, uwar ta samu ta je asibiti ko ta'aziyya ko ta runtsa. Wannan aiki ba ya bukatar ofis ko tallafin ƙasar waje. Mutum shida masu cika alkawari sun isa a fara.

Mataki na farko: ku haɗu, ku yi kaɗan

Ku nemi mutum biyar zuwa takwas, mata su fi yawa, domin su ne ke shiga cikin gida kai tsaye. Lallai a samu uwa ko uban irin wannan yaro a cikinku, don shi zai hana ku tsara abin da ba ya aiki. In an dace da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da malamar firamare ko Islamiyya, an yi sa'a. Ku fara zuwa gaida mai unguwa da liman, ko fasto in unguwar ta Kirista ce, ku faɗa musu niyyarku. Maganar suna da hatimi da shugaba da rajista ku ajiye ta tukuna. Kowa ya faɗi awa nawa zai iya bayarwa a mako, kuma ya faɗi gaskiya. Awa biyun da ba ta tashi ta fi yini guda da ake ɗagawa.

Mataki na biyu: ku san abin da kuke tunkara

Lalurorin nan iri-iri ne, abin da ya haɗa su shi ne suna bayyana tun ƙuruciya kuma mutum yana rayuwa da su. Akwai lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita saboda ƙarin kwafi ɗaya na ƙwayar halitta ta 21. Akwai otizim, inda yaro ke shan wahalar magana da cuɗanya, ya ƙi haɗa ido, ya riƙa maimaita abu ɗaya, ƙara ko taɓawa ta firgita shi. Akwai sanƙarewar gaɓoɓi ko saki, sakamakon rauni da ƙwaƙwalwa ta samu kafin haihuwa, ko lokacinta, ko jim kaɗan bayanta. Akwai kuma jinkirin fahimta zalla.

A ƙasarmu da yawan wannan rauni na ƙwaƙwalwa yana da sanadin da aka sani: doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da gubar dalma irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara a 2010, ta bar wasu da dama da rauni na dindindin. Sanin wannan yana da amfani biyu. Na ɗaya, yana sauke wa uwa nauyin zargin da aka ɗora mata, na cewa ta fita da tsakar rana da ciki ko ta haifi ɗan ruwa. Na biyu, zai sa in kun ga jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko ku ce a tafi asibiti yau, inda ake sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ba a ɗaukar ko ɗaya daga cikin lalurorin nan ta zama tare ko cin abinci tare. Kuma ku ba likitoci ba ne: kada ɗan sa-kai ya kalli yaro ya raɗa wa lalurarsa suna.

Mataki na uku: shiga gida

Kada ku bi gida-gida da littafi da waya kamar masu ƙidaya. Gidan da ya shekara goma yana ɓoye ɗansa ba zai buɗe wa baƙo ba. Ungozoma ta san gidajen, masu rigakafi sun sani, malaman Islamiyya ma sun san ƙanen wa ne ba ya zuwa. A aiki wadda uwar ta yarda da ita ta fara yi mata magana, sannan wani namiji daga cikinku ya samu maigidan a zaure ya nemi izini. In ya ce a'a, a yi godiya a tafi, a bar ƙofa a buɗe.

Ranar ziyarar farko, bayan sallama da gaisuwa, a gaida yaron da sunansa, a durƙusa daidai tsayinsa, ko da ba zai amsa ba. Iyaye suna lura da wannan fiye da duk abin da za ku faɗa. Sannan a tambayi uwar abu ɗaya: "Maman wane, a cikin yini wane lokaci ne ya fi miki wuya?" Amsarta ita ce jadawalinku. Wata za ta ce lokacin girki, wata ta ce ranar asibiti, wata kuma ta fashe da kuka don ba a taɓa tambayarta ba. A bar ta ta yi.

Abin da aka gani a gida ya tsaya a gida. Ni a ganina bai kamata a sa hoton yaro a Facebook ko WhatsApp don neman taimako ba ko da iyaye sun yarda, domin yardar mai bukata ba cikakkiyar yarda ba ce, kuma hoton zai daɗe yana yawo bayan kuɗin sun ƙare.

Mataki na huɗu: hutar da uwa

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma za ku fi daɗewa kuna koyo. A ziyara biyu ko uku na farko, 'yar sa-kai ta zauna tare da uwar tana kallo kawai. Yaya yake cin abinci? Me ke tsorata shi? Wace alama yake yi in zai yi fitsari? Me ke kwantar masa da hankali? Uwar ce malama. Sai an saba sannan ta fita ta bar su. Mutum ɗaya ya riƙe gida ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya, musamman ga mai otizim, wanda sauyin fuska ko na lokaci kan birkita masa yini gaba ɗaya.

Wajen ciyarwa, a zaunar da yaro a miƙe, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. Ga mai wahalar haɗiya, kunu mai ɗan kauri yakan fi ruwa-ruwa sauƙi. Ɗura haramun ce a wannan aiki, haka ciyarwa a kwance, domin abinci na iya bin hanyar iska ya faɗa huhu, ya jawo limoniya. Yaron da ba ya iya juyawa da kansa a sauya masa kwanciya kamar kowane awa biyu, don kada fata ta ɓare ta zama gyambo. Kafintan unguwa zai iya ƙera kujera mai jingina da abin tare gefe, amma a bari mai gashin ƙashi na asibiti ya ba da awo.

Da yawa cikin yaran nan suna da farfaɗiya, don haka kowane ɗan sa-kai ya haddace wannan: in ta tashi, a janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko manja. In ta wuce minti biyar ko ta dawo a jere, asibiti nan take. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ita.

Idan an samu natsuwa, a koyar da abu ɗaya tak, a gutsuttsura shi. Wanke hannu ba abu ɗaya ba ne: ɗauko buta, zuba ruwa, shafa sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa. A yi tare hannu da hannu, a riƙa janyewa a hankali, a yaba duk lokacin da ya yi daidai. Wanda ba ya magana a ba shi hanyar nuni, ko da hoton kofi da kwano da masai ne a manne a kwali. Yawancin ihu da cizo da buga kai da ake kira taurin kai, magana ce da ta rasa hanyar fita, ko ciwo ne da bai iya faɗa ba.

Mataki na biyar: asibiti da asusu

Raka uwa asibiti babban taimako ne, domin ɗaukar yaro ɗan shekara takwas a baya a hau adaidaita sahu a bi layin kati ba aikin mutum ɗaya ba ne. A fara da sashen yara na babban asibiti mafi kusa, su za su tura gaba. A Kano akwai Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, a Zariya akwai asibitin koyarwa na Shika, a Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Mai rakiya ya rubuta abin da likita ya ce da ranar dawowa, ya kuma roƙi mai gashi ya nuna motsa jikin da za a riƙa yi a gida. Yaro mai lalurar Down a nemi a duba zuciyarsa tun yana jariri, domin kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu, a kuma riƙa duba ji da gani.

Ku buɗe ɗan asusu na kuɗin mota da magani. Mutum biyu su riƙe, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Maganin farfaɗiya shi ne kan gaba, don yanke shi farat ɗaya yana da haɗari.

Za ku haɗu da masu cewa suna da maganin da ke warkar da otizim ko lalurar Down. Babu shi, kuma gidaje da yawa sun sayar da gona da akuya a kan wannan. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ku ma ku taya su. Amma duk inda magani ya zama duka, ko ɗauri, ko turara yaro har ya shaƙe, ku tsaya kai da fata ku hana. Abin da aka gani a gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa gargaɗi.

Mataki na shida: makaranta

Makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano kaɗan ne, kuma an fi saninsu da koyar da kurame da makafi. Don haka ga yawancin yaran, firamare ko Islamiyyar unguwa ce mafita. Ku samu hedimasta da lalama, ku ce ɗan sa-kai zai zauna kusa da yaron a makonnin farko, awa ɗaya a rana ma ta isa a fara. Ku yi wa 'yan ajin bayani kafin ya zo, don yara sun fi manya saurin karɓa in an gaya musu gaskiya.

Ku san cewa doka na bayanku. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya. An kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ku san wannan ba don ku yi barazana ba, sai don ku yi magana a matsayin masu neman haƙƙi. Ranar 21 ga Maris ta masu lalurar Down, da 2 ga Afrilu ta otizim, da 3 ga Disamba ta masu bukata ta musamman, dama ce ta roƙon liman ya taɓo batun a huɗuba.

Mataki na bakwai: tsaro, da waɗanda suka girma

Dole a faɗi wannan ƙarara: yaron da ba ya iya ba da labari shi mugu ke nema, kuma 'yan mata masu jinkirin fahimta suna cikin haɗarin fyaɗe ƙwarai. Kada ku karɓi ɗan sa-kan da ba a san asalinsa ba. Kada kowa ya keɓe da yaro a ɗaki rufe. Mace ce ke yi wa mace wanka da tsarki. A koya wa yaro, gwargwadon fahimtarsa, wuraren da ba a taɓa masa. In abu ya faru, asibiti da hukuma, ba sulhun zaure ba.

Samari da 'yan matan da suka girma kuwa, a tambaye su da bakinsu me suke so. Da yawansu za su iya kiwon kaji, ban-ruwan shuka, ƙulla gyaɗa ko sikari a shago, ko jera kaya. Ku nemo musu ubangida mai haƙuri, ku tabbata ana biyansu, kuma kuɗin na shiga hannunsu ko ajiyarsu. Kada a tura su bara da sunan sana'a.

Akwai tambayar da ke hana iyayen nan barci: wa zai riƙe shi bayan raina? In amana ta ƙullu, ku taimaka a zauna da yayye da ƙanne da baffanni tun iyaye na raye, a fayyace gidan da zai zauna da wanda zai kula da dukiyarsa. A shari'ar Musulunci lalura ba ta rage wa magaji rabonsa, waliyyi ne ke tsare masa shi. A rubuta, a sa shaidu.

Bayan wata uku ku zauna ku duba aikinku: ziyara nawa aka yi, nawa aka tsallake, wa ya gaji. Wanda ya gaji a ba shi hutu, a sanar da gidan da yake zuwa tun da wuri, a gabatar musu da wanda zai canje shi. Kada ku ƙara sabon gida sai kun samu sabon mutumin da zai riƙe shi.